Madam Ilona da Masu Gadin Tashar da Aka Rufe

Tun da na dawo daga Riyad ban huta da tambaya ba. A ofis, a gidan suna, har a wurin mai niƙa, kowa sai ya tare ni: "Malama Zulai, an dawo lafiya? Ya Ɗakin Allah?" In na ce ban samu zuwa Makka ba, sai a dube ni kamar wadda ta je bakin rijiya ta dawo da ƙishirwa. In na ƙara da cewa taro na je a kan yadda ake gadin tashar lantarki ta nukiliya bayan an rufe ta, sai wani ya ce, "To abin da aka rufe, gadin me za a yi masa?" Ni ma da wannan tambayar na tafi. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu a tsaye, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya.

Ni malamar fiziks ce a Bauchi. Abin da na fi koyarwa shi ne yadda ake kare mutane daga tururin nukiliya, irin wanda asibitoci ke aiki da shi wajen ɗaukar hoto da gashin ciwon daji. Da takardar gayyata ta zo, hutun da aka ba ni daidai da kwanakin taron ne, jarrabawar ɗalibai kuma tana jirana. Maganar Umra ke nan ta sha ruwa.

Da Innarmu ta ji Riyad za ni, ba ta tambayi wane irin taro ba ne. Abin da ta ce kawai, "To, za ki ga Talatu." Yaya Talatu ita ce babbarmu, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a can, kuma rabon da mu haɗu tun rasuwar mahaifinmu. Inna ta duƙufa haɗa saƙo: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji mai citta. Ta ƙulle kowanne a leda, ta sake ƙullewa, ta naɗe da tsohon zani. Kayan sawata suka koma 'yan cin arziki a cikin akwatin.

Motar haya na shiga zuwa Kano. Mun wuce Birnin Kudu kaɗan taya ta fashe, muka sauka muka rakuɓe a gindin wata bishiyar maina. Wata dattijuwa da ta shigo a Ningi ta kwance bakin zaninta ta ɗebo mini dafaffiyar gyaɗa. Da ta ji inda na nufa sai ta kama hannuna.

"'Yar nan, in kin tsaya gaban Ɗaki ki tuna da ɗana Haruna. Ciwon ƙafa ya kwantar da shi tun damina."

Na ce, "Iya, garin da zan je da nisa tsakaninsa da Makka. Kamar daga nan zuwa kudancin ƙasar nan ne."

Ta ce, "Yo Allahn da ke Makka ba shi ne a can ba?"

Na yi mata alkawari, kuma na cika shi a wani ƙaramin masallaci kusa da masaukina.

Daga Kano jirgi ya sauke mu a Alƙahira, muka yi zaman jira har ƙafafuna suka kumbura, sannan wani ya kwashe mu zuwa Riyad. A wurin masu duba fasfo na haɗu da matsala ta farko. Jami'ar, wata mai niƙabi, ta nuna mini in ɗora yatsuna a kan gilashin na'ura. Na ɗora, na'ura ta kawo ja. Na sake, ta sake kawo ja. Ashe lallen da ƙanwar maigidana ta nace sai ta yi mini ne ya rufe zanen yatsun. Layi ya fara gunaguni a bayana. Jami'ar ta ba ni jiƙaƙƙiyar takarda na goge, muka yi ta gwadawa yatsa bayan yatsa har na'urar ta haƙura ta karɓa. Kafin ta sake ni ta juya tafin hannuna tana kallon zanen, ta ce, "Jamil," wato ya yi kyau. Fuskarta ban gani ba, amma idanunta dariya suke.

Matsala ta biyu ta fi ta farko. Akwatina na fitowa daga na'urar bincike aka ja shi gefe. Wani jami'in kwastan ya warware zanin Inna, ya kwance leda, ya kwance ta biyu, sai ga koren gari. Ya tambaye ni abin da ya kawo ni ƙasar. Ni kuma da wauta na miƙa masa takardar gayyata, wadda kalmar nukiliya ke zaune ɓaro-ɓaro a samanta. Ya dubi takarda, ya dubi kuka, ya sake duban takarda, ya kira na gaba da shi.

Babban nasu dogo ne, baƙi kamar mu. Bai taɓa kukar ba, ɗaya ƙullin ya buɗe. Ƙamshin daddawa ya tashi, jami'an da ke kusa suka ja da baya. Shi kuwa sai ya lumshe ido.

"Daddawa," ya ce. Ya nuna koren garin. "Kuka. Kakata tana yi. Miya."

Hausar tasa ta yi tsami, amma Hausa ce. Da guntun Turanci ya gaya mini kakanninsa daga ƙasar Kano suka zo aikin Hajji a ƙafa, suka zauna. Shi da kansa ya ƙulle ledojin, ya ce, "Sauka lafiya." Ina jin kalmomin da suka rage masa ke nan, ya juye mini su duka.

An sauke mu a wani otal kusa da Unguwar Ofisoshin Jakadanci, inda zauren taron yake. Sanyin ɗakin ya ba ni wuya, na kwana da safa da mayafi biyu kafin wani ma'aikaci ɗan Bangaladash ya nuna mini maɓallin rage shi, yana ɓoye a bayan labule. Abinci kuwa shinkafa da nama ne rana da dare, wadda suke kira kabsa, da ɗanɗano amma babu yaji. Gahawa ce ta so ta kashe ni. A ɗan mitsitsin kofi ake zubawa, kana shanyewa a ƙara. Mu a gida in ka ƙoshi sai ka ce alhamdulillahi a ƙyale ka. Na yi ta faɗin alhamdulillahi, mai buta yana amsawa yana ƙara mini. Sai da wata injiniya 'yar ƙasar mai suna Nuf ta raɗa mini cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi, sannan na huta.

Mahalarta taron yawancinmu daga ƙasashen da ba su da tashar nukiliya muke, wasu suna shirin ginawa, wasu kamar mu ana ta magana. Babbar malamarmu ita ce Madam Ilona, shugabar tsaro a wata tasha da aka rufe shekaru da dama a wata ƙaramar ƙasa mai sanyi a gabashin Turai. Gajeriya ce, gashinta fari fat, an rage shi kamar na maza. Ta yafa wata abaya ta aro da ta yi mata tsawo, tana jan ƙasa a kan takalman aiki masu nauyi.

Ranar farko na ɗaga hannu na ce, "Madam, mu ko tubalin farko ba mu aza ba. Me ya sa za mu fara da koyon rufewa?"

Ta ce, "Saboda mu babu wanda ya koya mana. Ranar da aka kashe tasharmu muka fara tambayar da kike yi yanzu."

Washegari aka raba mu rukuni-rukuni, aka ajiye wa kowa ƙaramin samfurin tasha a kan tebur, da shinge da gine-gine da 'yan fararen ƙwayoyi a madadin masu gadi. Aka ce tasha ta daina aiki har abada, ku tsara gadinta. Ni da Nuf da wani mutumin Kenya muka kwashe ƙwayoyin nan da ƙwarin gwiwa, muka bar 'yan kaɗan a babbar ƙofa. Madam Ilona ta zo ta tsaya a kanmu. Ta ciro jar ƙwaya daga aljihu, ta tsallaka da ita shingen baya, ta tura ta a hankali har cikin wani gini da ba mu ko kula da shi ba.

"Tukunyar tashar babu komai a cikinta, wannan kun yi daidai," in ji ta. "Amma sandunan makamashin da aka ciro daga cikinta, ina suke?"

Suna cikin ginin nan, a nutse cikin wani tafki mai zurfi. Ta bayyana mana cewa ko an kashe tasha, sandunan suna nan da zafinsu da tururinsu, kamar garwashi a ƙarƙashin toka, kuma shekaru suke yi a ruwa kafin su huce. Wanda ya lalata famfunan da ke juya ruwan, ko ya yi sanadin tsiyayewarsa, ya jawo bala'i a tashar da ko ƙwan fitila ba ta iya kunnawa. Saboda haka muddin suna cikin tafkin, gadi kusan yadda yake a da yake zama: shinge biyu, kyamarori, masu gadi da bindiga, binciken duk mai shiga da mai fita, kuma ba a barin mutum ɗaya ya shiga wuri mai haɗari shi kaɗai. Sai sun huce ake zuba su a wasu manyan randuna na ƙarfe da kankare, a jera a wani fili mai shinge. A lokacin ne wurin da ake gadi yake raguwa, a lokacin ne kuma za a iya neman izinin rage masu gadi. Ba mai tasha ne yake yanke wannan da kansa ba. Hukumar da ke sa ido ce take dubawa, ta yarda mataki-mataki. Ko bayan haka ba a janye gadi gaba ɗaya sai ranar da aka kwashe randunan, ranar da ta ce a ƙasarsu babu wanda ya san ta.

Da muka zo kan haɗarin ma'aikacin cikin gida, wanda ya san kowane lungu kuma ransa ya ɓaci, sai na ce mu muna da karin magana: da ɗan gari akan ci gari. Na fassara, ta sa na maimaita da Hausa, ta gwada faɗa ta kasa, aji ya yi dariya. Sannan ta faɗi dokar. Duk wanda za a sallama daga aiki, a daidai lokacin da aka gaya masa ake kashe katinsa na shiga, kuma mutum biyu su taka tare da shi har ƙofa, ba ya sake zama shi kaɗai a cikin shinge. Tana faɗin haka muryarta ta yi ƙasa. Ta dubi agogo ta ce a tafi shan shayi, alhali lokaci bai yi ba.

Daga nan na fara lura da ita. A wurin cin abinci takan zuba shinkafa ta zauna can bakin taga, ta yi ta juya cokali, ta tashi ta bar ta. Ranar Alhamis na ɗauki farantina na je na zauna kusa da ita.

Na ce, "Madam, gobe Juma'a babu aiki. Zan je gidan yayata. Ki zo mu je, ki ci abincin da aka dafa a tukunyar gida."

Ta ce ba ta son ta takura wa kowa. Na ce a wurinmu baƙo ba ya takura, rashin zuwansa ne abin magana. Ta yi murmushi ta ce to.

Yaya Talatu a Gubaira take, tsohuwar unguwa mai gareji-gareji da ƙananan shaguna. Mai tasin da ya ɗauko mu ya yi ta zagaye da mu a lunguna, shaguna duk a rufe saboda Juma'a, kwatancen da aka yi mini da shagon mai gyaran lagireto ya zama banza. Daga ƙarshe ya sauke mu a bakin babban titi, mijin Yaya, Baban Walid, ya zo a ƙafa daga masallaci ya same mu. Madam Ilona ta miƙa masa hannu, shi kuma ya dafa ƙirjinsa ya ɗan rusuna. Kunya ta kama ta, ta rasa inda za ta kai hannun. Ya ce, "Sannu da zuwa, Mama," ya maimaita da Turanci, sai ta saki jiki.

Haɗuwata da Yaya ba zan iya rubuta ta ba. A kan matakala muka rungume juna, muna kuka muna dariya, tana cewa na rame ina cewa ta yi furfura. Yaranta suka gaishe ni da Larabci, suna kirana Hala maimakon Inna, ta daka musu tsawa su yi Hausa, suka yi ta da kyar. Da ta warware zanin Inna ta gane shi, sai ta ɗora shi a fuskarta ta daɗe ba ta sauke ba.

Nan take ta kaɗa miyar kuka, ta tuƙa tuwon shinkafa. Aka shimfiɗa leda a ƙasa. Gwiwoyin Madam Ilona ba su yarda da zaman ƙasa ba, aka kawo mata 'yar kujerar tsuguno. Ta fara da cokali, miya ta yi ta zillewa tana yauƙi har haɓarta. Ta ajiye cokalin ta dubi yadda muke yi, ta sa hannu. Ta ci, aka ƙara mata, ta cinye.

Yaya ta daɗe tana kallonta, kallon masu jinya. Ta ce mini da Hausa, "Zulai, baiwar Allahn nan ba ta barci. Dubi ƙasan idonta."

Na ce, "Yaya, malamata ce fa."

"Malamarki ce a can. Nan ɗakina ne." Ta juya da Turanci ta ce, "Mama, me yake hana ki barci?"

Na zaci za ta share maganar. Sai ta goge hannunta a hankali, ta fara.

Ta ce tun tana budurwa ta shiga tashar, a nan ta haɗu da mijinta Yonas, shi ma mai gadi ne. Garinsu gaba ɗaya don tashar aka gina shi. Akwai wani gunji da injinan ke yi dare da rana, har mutum ya daina jin sa. Ranar da aka kashe tashar gunjin ya ɗauke, ma'aikata suka fito suka tsaitsaya a fili babu mai magana. Daga nan gari ya fara watsewa: injiniyoyi suka tafi, aka haɗe makarantu, aka rufe shaguna. Masu gadi ne kawai aikinsu bai canza ba. Bayan 'yan shekaru Yonas ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofa yana kan aiki, ciwon zuciya. Abokin aikinsa Tomas ne ya saɓa shi a kafaɗa ya yi gudu da shi cikin ƙanƙara har ɗakin shan magani. Bai rayu ba, amma a hannun Tomas ya cika, ba a ƙasa ba.

"A bana muka gama zuba sandunan ƙarshe a randuna," ta ce. "Hukuma ta duba, ta yarda a rage masu gadi. Daidai ne, ni na nemi izinin, aikina ke nan. Ina komawa zan sallami kusan rabin mutanena. Tomas yana ciki. Gwiwarsa ta lalace, ba ya iya cin gwajin gudu da ake yi mana."

Sannan ta ce, "Dokar nan da na koya muku, ta kashe kati da takawa da mutum har ƙofa, ni na rubuta ta a tasharmu. Doka ce mai kyau, ba zan karya ta don kowa ba. Amma in na rufe ido sai in ga Tomas tsakanin mutum biyu, ana fitar da shi kamar ɓarawo."

Babu wanda ya ba ta shawara. Baban Walid, wanda ke kula da kaya a wani sito a unguwar Sulay, ya sunkuyar da kai ya ce su ma a wurinsu haka ne, mutum ya shekara ashirin, rana ɗaya kafil, wato ubangidan da ya ɗauko shi aiki, ya ce halas, wato an gama, a buga masa takardar fita. Yaya ta ce, "Duk baƙon da ke zaune da iƙama, takardar izinin zama, a ƙasar nan ya san ranarsa tana zuwa." Ta tashi ta dafa shayi mai na'ana'a, ta zauna kusa da Madam Ilona tana murza mata kafaɗa, kamar yadda take yi wa Inna.

Bayan la'asar muka yi haramar tafiya, don sai mun taka zuwa babban titi za mu samu tasi. Yaya ta zura abayarta, ta ɗauki jakar Madam Ilona ta rataya. Baban Walid ya sa takalmi, yara suka biyo. A ƙasan bene wata maƙwabciyarsu 'yar Maraɗi ta gan mu, ta ce bari ta taka mana, ta shigo ayari. Muka cika lungu, muna tafe muna hira.

Madam Ilona ta waiga hagu da dama, ido irin na mai aikin tsaro. Ta matso ta ce mini ƙasa-ƙasa, "Unguwar ba lafiya ne? Me ya sa suke gadinmu?"

Dariya ta kama ni. Na ce, "Ba gadi ba ne, Madam. Rakiya ce."

Ta ce mene ne haka. Na gaya mata a wurinmu ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai. Wanda aka sallama daga bakin ƙofa, an gaji da shi ne. Iya nisan da aka taka maka, iya girmanka a gidan.

Ta tsaya cak a tsakiyar lungu. "Wa yake ɗaukar jaka?"

"Mai gidan."

"Wa yake tafiya kusa da baƙon?"

"Babban gidan, in yana da ƙafa."

A bakin titi Yaya ta rungume ta, ta cusa mata ƙullin yaji a jaka, suka tsaya suna ɗaga mana hannu har muka sha kwana. Mun yi nisa a cikin tasi, tana kallon waje, sai na ji ta ce, kamar da kanta take magana, "Dokar ta ce mutum biyu. Ba ta ce su wane ne ba. Ba ta kuma ce kada a fi biyu ba."

Sauran kwanakin taron suka wuce da gwaje-gwaje da gahawa, wadda yanzu na iya girgiza kofinta. Ranar rufewa aka ba mu takardun shaida, muka yi musayar lambobi. Yaya ta cika mini akwati da dabino da turare na kawo wa Inna. Dawowa ba ta da wani labari, in ban da akwatin da ya kwana a Alƙahira ya biyo ni daga baya.

Bayan 'yan makonni, wata safiya ina gyaran takardun jarrabawa, wayata ta yi ƙara. Madam Ilona ce.

Ta ce ta yi sallamar. Ita da kanta ta gaya wa kowa, ɗaya bayan ɗaya, a ofishinta, aka kashe katin kowa a take kamar yadda doka ta ce. Waɗanda ke kan aiki ba su bar wurarensu ba. Amma waɗanda ke hutu ta roƙe su suka zo rakiya, kuma ita ce ɗaya daga cikin mutum biyun, ita ke ɗaukar jaka. Ba duka abin ya yi daɗi ba. Wani ya fizge jakarsa ya yi gaba da sauri, bai waiwayo ba, ta bi bayansa har ƙofa duk da haka. Wani ya gaya mata maganar da ta ce ba za ta maimaita ba.

Tomas ne na ƙarshe. Ya saurare ta har ta gama, ya ciro katinsa ya ajiye a kan tebur. Suka fito. Saboda gwiwarsa tafiyar ta yi jinkiri, mutane suka rage sauri suka daidaita da shi, suka wuce gefen filin randunan, suka nufi ƙofa. A wajen shinge tsofaffin ma'aikata da suka ji labari suna tsaye cikin sanyi, don ba su da izinin shiga.

A ƙofa doka ce a binciki jakar duk mai fita. Mai gadin da ke ƙofar a ranar, Tomas ne ya koya masa aikin. Ya dubi jakar a hannun shugabarsa, ya dubi Tomas, ya kauce ya yi musu alamar su wuce.

Tomas ya tsaya. Ya ce, "Buɗe."

Mutumin ya ce ba sai an buɗe ba.

"Haka na koya maka? Buɗe."

Ya buɗe. Filas ɗin shayi, safar hannu, da silifas ɗin da yake sawa in ƙafarsa ta kumbura. Sai da aka duba har ƙasan jakar, aka zuge, sannan Tomas ya taka ya fita.

Na ajiye biron da ke hannuna. Can na ce, "Madam, ke fa? Yaushe taki ranar?"

Ta ce sai an kwashe randunan, ko ƙafafunta su gaza, kuma ta san wanda zai riga.

"Tomas ya ce ranar zai zo," in ji ta. "Ba shi da katin shiga, don haka a waje zai jira ni. Ya ce daga ƙofa zuwa gida shi zai ɗauki jakar."